Gambari Gambari Ne

Salamu alaikum Malam Edita, tare da dukan masu karanta wannan shafi, na kusa da na nesa. Ina roƙon abu biyu: a ɓoye sunana, kuma kada kowa ya yanke mini hukunci tun bai kai ƙarshen takardar nan ba. Ba wai ina sa ran zan fita da gaskiya ba ne. Na dai ga yadda ake yanke hukunci a garin nan, abin ya fita mini a rai.

Ni malamin makaranta ne a Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, babban birnin nan na ƙasar Yarbawa. Na yi boko a Arewa, rabo ya gangaro da ni kudu, ina koya wa 'ya'yan fatake karatu da lissafi, in an bugo wayar telegiram daga Kano a kan farashin goro kuma ni ake kira in karanta. Ɗakin da nake kwana da tuwon da nake ci duk na wani attajirin goro ne wanda kowa ke ce wa Maigida, ni ma haka zan kira shi. Ina da ciwo guda wanda ba a sayar da maganinsa a kasuwa: in magana mai daɗi ta zo mini baki, ba na iya haɗiye ta. Da wannan aka san ni a zauren Maigida. Wasu suna biyan tuwonsu da ɗaukar kaya, ni ina biyan nawa da ba da dariya.

Maigida yana da ɗa, zan kira shi Ɗangata. Ba sunansa ba ne, amma ya fi sunan yankansa dacewa da shi. In kun taɓa zuwa Badun ba sai na yi muku bayani ba. Shi ne Bahaushe na farko a Sabo da ya tuƙa motar kansa. Makaɗa sun yi masa take, 'yan mata sun sa wa wani ɗaurin ɗankwali sunansa, har Yarbawa sukan bar sana'a su fito kallo in zai wuce. In ya karkata hula hagu da safe, kafin la'asar samarin Sabo duk sun zama kamar masu ciwon wuya. Me ya taɓa yi wa jama'a? Ban sani ba. Na bincika, ban samu ba. Ya dai iya sa riga, ya iya liƙa wa maroƙi sule a goshi, a wurinmu kuwa wannan ya isa mutum ya zama gwarzo.

Ran nan da hantsi ya ɗebo makaɗa a bayan mota, suna kaɗa masa take, ya waiwaya zai yi musu kyauta, motar ta ga ba mai kula da ita ta zaɓi hanyarta. Ta hau kan wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da agidi a bakin hanyar Mokola, wadda duk Sabo muke ce wa Iya. Ƙugunta ya karye. Abin ya faru a idon mutane, ba yadda za a binne shi, aka kai magana kotu. Maigida ya ɗauko lauya tun daga Ikko. Lauya ya duba, ya ce tara ba za ta wadatar ba, ɗauri ba makawa, amma zai yi ƙoƙari kada ya wuce wata uku.

Ranar da aka kawo wannan labari zaure ya cika kamar an yi mutuwa. Maigida ya ce, "Ɗana? Ɗana zai ɗauki bokitin kashi a ka, ya ratsa tsakiyar Badun da sarƙa, Yarbawa suna kallo? Gara a ce mini ya mutu." Wani ya ce a yi sauka, wani ya ce a nemi wani lauyan. Ni kuwa, da ba a tambaye ni ba, sai ciwona ya motsa. Na ce, "Maigida, ai wahalar banza kake. Mutanen nan yaushe suka taɓa duban fuskarmu? A wurinsu Gambari Gambari ne. Ka naɗa wa turmi rawani ka aika musu, wallahi karɓa za su yi, su ce ya cika shiru." Gambari, ga wanda bai sani ba, shi ne sunan da Yarbawa ke kiran kowane Bahaushe, malami ne ko mahauci.

Zaure ya fashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Maigida ya dube ni ya ce, "Malam, sake faɗi in ji."

Da na san inda maganar za ta kwana, da na ce tari ne ya sarƙe ni. Amma wane mai ba da dariya ne aka taɓa ce wa ya maimaita ya ƙi?

Akwai wani alaro, wato ɗan dako, mai suna Isuhu, ɗan ci-rani daga ƙasar Kano, wanda ke ɗauko huhun goron Maigida daga tasha. Dogo ne kamar Ɗangata, wankan tarwaɗa kamarsa, ga bille a kunci iri ɗaya. Bambancinsu kawai, ɗaya ya girma da madara, ɗaya da ƙanzo. Aka kira shi, aka yi masa alkawarin jaki da kuɗin jirgi in ya yi ɗaurin a madadin Ɗangata, zai isa gida kafin shuka. Saura mai koya masa zama ɗan attajiri. Wa za a ba wa? Malamin makaranta mana.

Ni na koya masa. Na hana shi durƙusawa in zai gai da mutum. Na hana shi sandare wuya kamar mai kaya a ka. Na koya masa ya amsa sunan da ba nasa ba, ya dubi ɗan doka kamar yadda ake duban ƙuda a bakin ƙwarya, ya yi hamma in ana masa magana. Ban taɓa samun ɗalibi mai himma irinsa ba. Ga kuma abin da ya fi ba ni kunya: na ji daɗin aikin. Ina kallonsa yana taku cikin babbar riga ina jin kaina kamar gwanin magini. Sau ɗaya ya tsaya ya ce, "Malam, don Allah wannan abu ba haram ba ne?" Kun san amsar da na ba shi? Na ce, "Isuhu, kullum kayan Maigida kake ɗauka. Wannan ma kaya ne, sai dai shi ba ya bukatar gammo." Ya yi dariya. Ya yarda, don malami ne ya faɗa.

Ranar hukunci Ɗangata ya tsaya gaban kotu da rawani, amawali har hanci, wai kunya. Aka ce wata uku. Lauya ya roƙi alfarma a bar shi ya biya gida ya yi salla ya sallami mahaifiyarsa, aka ce ba laifi. Ku gaya mini, wane talaka aka taɓa yi wa wannan? Na taɓa ganin wani alaro da aka tafi da shi da takalmi ƙafa ɗaya, don ɗayan ya faɗi a ƙofar kotu ba a bar shi ya sunkuya ba. Akoda biyu, 'yan dokan gari ke nan, suka rako Ɗangata, aka shimfiɗa musu buzu a zaure, aka ajiye musu farin goro da lemo. Mai rawani ya shiga, mai rawani ya fito. Suka tashi suka kakkaɓe riga suka sa shi gaba. Ko sun lura, ko ba su lura ba, ko goron ne ya yi musu nauyi a ido, Allah masani. A gidan yari ma da aka aske Isuhu, sanƙon gammo yana nan a tsakar kansa kamar faifai. Gandirobobi suka gani, suka ga kuma kwandon goron da ya biyo baya, suka zaɓi wanda za su duba.

To, sai Sabo ta tashi. Malam Edita, da ina da iko da na sa an rubuta abin da aka faɗa a makonnin nan a riƙa karanta wa yara, su san irin mutanen da suka haife su. Mata suka yi ta kuka kamar an kama musu ɗan fari. Makaɗa suka yi sabuwar waƙa a kan zaki a cikin keji. Dattawa a ƙofar masallaci suna kaɗa kai suna cewa shari'ar Turawa ba ta san attajiri ba, kowa daidai yake a gabanta, ni ina zaune a gefe ina cewa "haka ne" da bakin nan nawa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce makircin Yarbawa ne don sun ga Bahaushe da mota. Na ji da kunnena wata tana cewa, "Ita ma tsohuwar me ya kai ta bakin hanya?" Me ya kai ta? Cikinku ya kai ta! Shekara nawa kuna karyawa da agidinta?

'Yan dako ne kaɗai suka yi gunaguni. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa cin wata shida saboda goron da ya zubo daga yagaggen huhu ya tsinta. Suka ce to, goro wata shida, ƙugun mutum wata uku, ashe gara ka taka mutum da ka taka goro. Aka ce musu hassada ce, ɗan talaka ba ya son ganin ɗan arziki. Suka bar maganar, don gobe a ƙofar Maigida za su nemi kaya.

Kullum akussa suna tafiya gidan yari: tuwon shinkafa, kaji, fura da nono, daga gidajen da ba su taɓa miƙa wa alaro ruwa ba. A ciki kuwa an ba fursunan ɗakinsa daban, da katifa, an ɗauke masa bokiti, aikinsa kawai ya ba furannin babban gandiroba ruwa. Isuhu ya yi kumatu. Tun da uwarsa ta yaye shi bai ƙoshi irin wannan ba, kuma sai da ya zama mai laifi tukuna. Shi kuwa zakin da ke cikin keji yana can ƙuryar gidan ubansa cikin mata, an tura wa garmaho tsumma a baki don kada a ji a waje, yana cin dambun nama yana ƙorafin zaman kulle ya gundure shi. Da ya jiyo waƙar haƙurinsa ta kan katanga, sai ta burge shi, ya aika wa makaɗa tukuici, wai daga kurkuku.

Duk wannan ina gani ina gaya wa kaina ba wanda aka cuta. Isuhu zai sami jaki, Maigida ya tsira da mutunci, kotu ta sami Gambarinta. Har na fara jin na yi dabara.

Sai wata rana na ce bari in je in duba Iya, don ba wanda ya je daga Sabo. Na same ta kwance a tabarma, ta rame, ɗakin yana warin magani. Tana ganina ta kira ni da sunana, ba Gambari ba, sunana. Ta tambayi yaran makaranta. Sa'an nan cikin Hausarta mai lanƙwasa ta ce, "Malami, ina Isuhu nawa? Tun da na faɗi bai zo ba. Shi ba haka yake ba. Kullum shi yake sauke mini tukunya, ni kuma in yi masa gyara." Na ce ya tafi gida. Ta ce, "Bai yi mini sallama ba? A'a. Wancan mai mota zai iya, ba shi da kunya a ido. Isuhu ba zai yi ba."

Na fito. Ga Bayarabiyar da ta san mu ɗaya bayan ɗaya, ta san wanda ke son yaji da wanda ba ya so. Ni kuwa mai ilmi, mai cewa ba sa duban fuskarmu, shekara da shekaru ina cin agidinta ban san sunanta ba. A wurinmu Iya Iya ce. Ban ji sunan ba sai ranar da ake kuka da shi, don kafin watannin ukun su cika ta rasu.

'Ya'yanta ba su bar maganar ba, kuma wa zai ga laifinsu? Likita ya ce karayar ce ta kashe ta. Yanzu an mai da magana ta kisan kai, za a kai gaban Joji Bature bayan Salla. Lauya ya ce ba rataya, tun da ba da niyya ba ne, amma shekaru ne ba watanni ba, da fasa dutse, kuma a wani babban gidan yari mai nisa inda goron Maigida ba ya kaiwa. Mutum ɗaya a duk Yarbawan Badun da za ta dubi fursunan nan ta ce wannan ba shi ba ne, ita ce aka binne.

Na sami Maigida shi kaɗai. Na ce, "Maigida, wasa ya ƙare. Wata uku muka ce wa yaron nan."

Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi. Ya ce, "Malam, abin da ya yi wata uku ai zai yi shekara. Ba kai ka ce Gambari Gambari ne ba?"

Na ce, "Raha nake yi."

Ya ce, "Mu kuwa muka ɗauke ta ilmi. Ka ga amfanin zama da masu boko ke nan." Ya tauna, ya tauna, sa'an nan ya ce, "Za a ƙara masa jaki. In kuma magana ta fita, ka san Bature ba ya tambayar wanda ya ji shawara, wanda ya ba da ita yake nema. Ni jahili ne, ko sunana ban iya rubutawa ba. Wa ya koya wa alaro tafiyar 'ya'yan sarauta?"

Shi kuwa Ɗangata, tun da ba zai yi shekaru a ɗakin mata ba, an shirya za a fitar da shi Kumasi wurin abokan cinikin ubansa, har abin ya lafa. Tun da sunansa yana kurkuku, dole ya ari wani. Kun san wanda aka ba shi? Isuhu. A gabana ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, haba! Duk sunayen duniya a rasa mai ɗan kyau sai na 'yan dako?" Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Ban kuma yi komai ba. Na miƙe, na gyara riga, na koma na zauna. Iyakar jarumtakata ke nan.

Sabo kuma ta sake tashi. Mata sun haɗa sadaka ana ta sauka don Allah ya kuɓutar da Ɗangata, makaɗa sun ƙara baiti. Amma abin da ya hana ni cin tuwo ba wannan ba ne. Na bi ta tasha na tarar da 'yan dako suna murna. Babbansu ya tare ni ya ce, "Malam, ka ji? Yau dai taru ya kama babban kifi! Su ma su ɗanɗana. Allah ya sa a ba shi shekara goma, ya fasa dutse har hannunsa ya yi kanta irin namu!" Duk suka ce amin. Wani ya ce, "Kaico, Isuhu ya gudu gida ba sallama. Da yana nan da ya fi kowa dariya." Me zan ce musu? Sau ɗaya a rayuwarsu sun ga abin da suka ɗauka adalci ne, kuma ɗan'uwansu suke yi wa addu'ar shekara goma. Har murnar talaka ma sai da aka yi masa algus a ciki.

An aike ni gidan yari, wai in shirya ɗalibina don zaman kotu: ya amsa laifi, ya nemi sassauci, kada ya yi doguwar magana. Na same shi da butar ban ruwa a hannu. Da ya gan ni ya fara durƙusawa, sai ya tuna, ya miƙe ya yi hamma, yana dubana ko zan yaba. Ba wanda ya gaya masa komai. Ya rage murya ya ce, "Malam, saura kaɗan ko? Na ga hadari ya fara haɗuwa. In na makara, tsohuwata ba za ta iya sharar gona ita kaɗai ba." Sa'an nan ya ce, "Yaya jikin Iya? In na fita ita zan fara dubawa, kafin in hau jirgi."

Na gaya masa ta rasu. Ya ajiye butar, ya yi salati, ya share ido da hannun riga. Na gaya masa za a sake shiga kotu. Sauran ban iya ba. Ni da magana ba ta taɓa tsaya mini a maƙogwaro ba, ranar ta tsaya. Sai shi ya koma lallashina. Ya ce, "Kada ka damu, Malam. Ni ban san kotu ba, kai ka sani. Abin da ka koya mini shi zan faɗa."

Ga inda nake. In na je na faɗi gaskiya, ɗaki ya tafi, makaranta ta tafi, Sabo za ta ce na tona asirin Hausawa a gaban Yarbawa, kuma ni ma ɗauri ne, irin na marasa gata, mai bokiti. Isuhu ma ba zai fita salin alin ba, za a hukunta shi a kan yaudara, sai dai nasa watanni ne, kuma da sunansa zai yi su. Ko za a kamo Ɗangata? Ina shakka. Irinsu ko a rijiya suka faɗa, a kan wani suke sauka. In kuma na yi shiru, zan ci gaba da cin tuwon Maigida ina ba da dariya, mutum yana fasa dutse a kan wata raha da na yi don a ce na iya magana.

Ina jin haushin Maigida, ina jin haushin ɗansa, da kotun da ake saye da kwandon goro, da unguwar da ta yi wa mai mota kuka ba ta taka ta gai da wadda aka take ba. Amma duk cikinsu ba wanda Isuhu ya tambaya ko haram ne. Ni ya tambaya.

Na san abin da littafi ya ce, ni nake koyar da shi. Abin da ban sani ba shi ne inda ake samo ƙafar da za ta kai mutum gaban Joji. Salla ta ƙarato, an ce in koma in ƙarasa masa darasi, shi kuwa yana can yana duban hadari yana jiran malaminsa.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?